Firintar da ke gini da haske: Da gaske an fara buga ƙoda?

Ranar Talatar da ta wuce muna zaune muna jiran lakca, wani ɗan ajinmu ya jefo bidiyo a gurup ɗinmu na WhatsApp. Bai kai minti ɗaya ba. 'Yar kwalba ce cike da wani ruwa garai-garai tana juyawa a hankali, haske mai shuɗi-shuɗi yana dukanta ta gefe. Kana cikin kallo sai ka ga siffar kunnen mutum ta bayyana a tsakiyar ruwan, ba hannun da ya taɓa, ba allurar da ta shiga. A ƙasan bidiyon an rubuta da manyan baƙaƙe wai Turawa sun fara buga ƙoda da firinta, wankin ƙoda ya zama tarihi.

Nan da nan gurup ya rabu biyu. Wasu suna ta kabbara suna turawa gaba, wasu suna cewa ai aikin AI ne, su ba za a raina musu hankali ba. Ana cikin wannan cacar baki sai wata 'yar ajinmu da ba ta cika magana ba ta rubuto: "Don Allah a wace ƙasa ce, kuma nawa ake yi? Babanmu sau biyu ake masa wankin ƙoda a sati." Gurup ya yi tsit. Ba wanda ya iya ba ta amsa, har da ni.

Tambayarta ce ta sa na kwashe kwanaki ina karatu a kan lamarin. A taƙaice dai ɓangarorin biyu duk sun yi kuskure. Injin da ke gina abu a cikin kwalba da hasken leza yana nan, tun 2019 ake nuna shi. Amma ƙodar da aka buga aka dasa wa ɗan Adam ta yi aiki, babu ita a ko'ina a duniya. Sai ka san yadda injin ke aiki za ka gane dalilin da ya sa kunne ya yiwu, ƙoda kuma ta gagara.

Wane irin ruwa ne a kwalbar?

Duk wanda ya taɓa ajiye ragowar farfesun ƙafar saniya ya kwana a lokacin sanyi ya san abin da ake tararwa da safe. Romon ya daskare, yana rawa idan ka girgiza kwano, har kana iya yankarsa da cokali. Abin da ya faru shi ne, akwai wani sinadari a fata da jijiya da ƙashi da ake kira kolajin, zafin dahuwa ya warware shi ya koma jelatin. Da romon ya huce, dogayen zarurrukan jelatin ɗin suka sarƙe da juna kamar raga, suka riƙe ruwan a tsakaninsu.

Wannan shi ne haidirojel a bakin masana, wato jel mai ruwa: raga ce ta zarurrukan da ido ba ya gani, ta sha ruwa ta ƙoshi amma ba ta narke ba. Wani jel ɗin ruwan da ke cikinsa ya haura kashi 90 cikin 100. Kullum muna tare da shi ba mu sani ba. Shi ne abin nan mai santsi da ke kumbura a cikin famfas ɗin jarirai idan ya jiƙe. Shi ne kuma gilashin ido mai laushi da 'yan mata ke liƙawa a ƙwayar ido ranar biki.

Da wannan gilashin ma labarin ya fara. A 1960 wasu masana sinadarai biyu na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, suka wallafa bincike a kan wani jel mai shan ruwa wanda jiki ba ya ƙyama. A ƙarshen 1961 Wichterle ya harhaɗa ɗan inji a gidansa da kayan wasan yara da dainamon keke, ya fitar da gilasan ido masu laushi na farko da za a iya sakawa. A shekarar 1960 ɗin dai, can a Kalifoniya ta Amurka, Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a duniya. An ɗauki gomman shekaru kafin jel da leza su haɗu a aiki ɗaya.

Abin da ya sa likitoci suka damu da jel shi ne jikinmu ma kusan haka yake. Ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi fata ko hanta ko ƙoda suna zaune ne a cikin wata raga mai laushi mai ruwa, kuma kolajin ne babban zarenta. In kana so ƙwayar halitta ta rayu a wajen jiki ta yi aikinta, sai ka gina mata gida irin wanda ta saba.

Katanga da kunu

Gini da abu mai laushi kuwa akwai wuya. Firintar 3D da aka fi sani roba take narkawa, ta matso ta ta wani tsukakken baki, layi bisa layi har abu ya tashi. Masu buga jel ma sun kwaikwayi wannan: a zuba jel da ƙwayoyin halitta a sirinji a riƙa matsowa, kamar yadda mai zanen lalle ke matso lalle daga leda. Har yau ita ce hanyar da aka fi bi, saboda ta fi araha da sauƙi.

Sai dai tana da cikas. Idan jel ɗin ya yi ruwa-ruwa ginin zai baje, kamar ka ce za ka yi katanga da kunu. Idan ya yi kauri sai an matsa da ƙarfi, matsin kuma yana raunata ƙwayoyin halittar. Idan ka ƙara tsuke bakin don zanen ya fita siriri, sai ya toshe. Shi ya sa layin da ake samu ta wannan hanya yawanci ya kai kaurin gashin kai ko ya fi, alhali ƙananan hanyoyin jinin da ke jikinmu sun fi gashi siranta kusan sau goma.

A nan haske ya samu wurin shiga, don shi ba shi da bakin da zai toshe, ba ya kuma matse komai.

Yadda haske ke daskarar da ruwa

In ka taɓa zuwa cike haƙori, wataƙila ka ga likita ya cusa wani abu mai laushi a ramin, ya haska shi da 'yar fitila shuɗiya na 'yan daƙiƙoƙi, sai ya yi tauri kamar dutse. Masu gyaran farce ma haka suke yi da jan farcen nan na jel da ake tura hannu ƙarƙashin fitila. Dabarar ɗaya ce. Ana zuba wani ɗan sinadari mai jin haske a cikin ruwan. Muddin haske mai launin da ya dace bai taɓa shi ba, yana nan kwance abinsa. Da hasken ya doke shi sai ya farka, ya sa zarurrukan da ke kusa da shi su ƙulle da juna. Inda haske ya sauka ya daskare, inda bai sauka ba yana nan ruwa, sai a wanke shi a zubar.

Jelatin irin na farfesu ba ya jin haske, kuma da ya ji ɗumin jikin mutum yake narkewa. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka nuna yadda za a maƙala wa zarurrukansa wasu ƙananan ƙugiyoyi na sinadari, waɗanda haske ke iya sarƙe su har su daina narkewa. GelMA ake kiran wannan jelatin da aka gyara, kuma yana cikin jel ɗin da aka fi amfani da su a wannan fanni.

Shi kuwa gini da haske, wani injiniya Ba'amurke mai suna Chuck Hull ne ya mayar da shi sana'a. Yana aiki a kamfanin da ke busar da fentin tebura da haske, sai ya yi tunanin in za a iya daskarar da shimfiɗa ɗaya, me zai hana a ɗora wata a kanta, da wata, har abu ya tashi? A 1983 ya buga ɗan ƙaramin kofi, a 1986 ya samu takardar mallakar fasahar. Da roba mai tauri ya yi aiki, amma a kan tunaninsa aka ɗora na jel.

Me ya sa leza, ba tocilan ba? Hasken tocila gauraye yake da launuka, kuma bazuwa yake yi. Na leza launi ɗaya ne, yana tafiya a miƙe, ana iya tattara shi a ɗigon da ya fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta. Ka tuna yadda muke ƙona takarda da gilashin ƙara girma a rana muna yara? Takardar ba ta kamawa sai a daidai ɗigon da hasken ya taru. To, ka riƙe wannan misalin, za mu dawo kansa.

Kalar abinci ta warware matsala

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce ta Hull: a haska shimfiɗa ɗaya siririya, a ɗaga, a haska ta gaba. Ko dai leza ta zana siffar da ɗigo, ko majigi ya haska hoton shimfiɗar gaba ɗaya. Amma jel garai-garai yake kamar ruwa, don haka hasken yana zarcewa ƙasa ya daskarar da inda ba a so. Ka tsara rami a matsayin hanyar jini, ka duba ka tarar ya cike.

A 2019 tawagar Jordan Miller na Jami'ar Rice da Kelly Stevens ta Jami'ar Washington suka fito da maganin da ya ba mutane dariya saboda sauƙinsa: kalar abinci. Wata kala ce ruwan ɗorawa mai suna tatrazin, irin wadda ake sakawa a lemon kwalba da alewa. Tana shanye shuɗin haske, sai ya tsaya a siririyar shimfiɗar da ake so, kuma ba ta kashe ƙwayoyin halitta. Da ita suka buga wata 'yar jaka mai kama da jakar iskar huhu, kewaye da ragar hanyoyin jini. Suka riƙa hura mata iska tana kumbura tana sacewa, suka tura jajayen ƙwayoyin jini ta hanyoyin, ƙwayoyin suka ɗauki iskar oksijin suka fito. Hotonta ne ya hau bangon mujallar Science. Amma fa duk girmanta bai kai kwabo ba.

Buhun da sai mutum biyu

Hanya ta biyu ita ce ta fi ba ni mamaki, don ita a tsakiyar jel take rubutu ba tare da ta taɓa samansa ba.

Haske yana tafiya ne a ƙananan ƙunshi da ake kira foton. Foton na shuɗin haske yana da ƙarfin da zai tayar da sinadarin nan shi kaɗai. Na hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, rabin wannan ƙarfin gare shi, don haka sai ya ratsa jel ya wuce bai yi komai ba. Ka ɗauka buhun masara ne da mutum ɗaya ba zai iya ɗagawa ba. In wannan ya zo ya gwada ya tafi, wancan ya zo ya gwada ya tafi, buhu yana nan. Amma in su biyu suka kama a lokaci guda, ya tashi. Haka foton biyu masu rauni, in suka doki sinadarin a lokaci ɗaya, sukan yi aikin ƙaƙƙarfa guda.

A ina za a samu cinkoson da har biyu za su iso tare? A ɗigon nan na gilashin ƙara girma. A nan kaɗai jel ke daskarewa, sama da shi da ƙasa da shi ba abin da ke faruwa. Sai kwamfuta ta riƙa yawo da ɗigon a cikin jel, hagu da dama, sama da ƙasa, tana zana siffa. Don kada zafi ya dafa komai, ba a barin lezar a kunne. Walƙiya take yi, kowace walƙiya kusan femtosakan 100. In kana son sanin ƙanƙantar femtosakan, yadda daƙiƙa ɗaya take a cikin shekara miliyan 32, haka yake a cikin daƙiƙa ɗaya.

Wata matashiya ce, Maria Goeppert-Mayer, ta yi hasashen wannan a kundin digirinta na uku a Jami'ar Göttingen ta Jamus, aka wallafa a 1931, lokacin babu fitilar da za a gwada maganarta da ita. Sai a 1961, bayan an samu leza, aka tabbatar. A 1997 masu bincike a Jami'ar Osaka ta Japan suka fara gini da dabarar, a 2001 kuma tawagar Satoshi Kawata ta sassaƙa gunkin bijimi mai tsawon maikuromita 10, wato kusan girman jar ƙwayar jini guda. Da roba aka yi bijimin. Yanzu kuwa a wurare irin su Jami'ar Fasaha ta Vienna, da jel mai ɗauke da rayayyun ƙwayoyin halitta ake wannan aiki. Ana ma iya juya dabarar, leza ta huda siraran hanyoyi a cikin jel ɗin da ya riga ya daskare.

Aibinta shi ne nawa. Ɗigo-ɗigo take gini, kamar ka ce za ka fente bangon gida da tsinken sakace. Ta dace da abin da bai wuce 'yan milimita ba.

Harbi da ɗigo

Hanya ta uku ba daskararwa take yi ba, jifa take yi. Ana ɗaukar faifan gilashi a shafa masa siririn zinare ko wani ƙarfe, sannan a shafa jel mai ƙwayoyin halitta a kan ƙarfen, a kifa faifan. Leza ta harbo walƙiya ta bayan gilashin, ƙarfen ya yi zafi a ɗigo guda, kumfa ta taso ta cilla ɗan ɗigon jel ƙasa, ya sauka daidai inda aka auna. Ana iya harba dubbai a daƙiƙa ɗaya. Da yake ba baki ba matsi, mafi yawan ƙwayoyin suna sauka da ransu, kuma kana iya jera wannan iri a nan, wancan iri a can.

Tun 1986 aka san dabarar, amma jan ƙarfe ake ɗorawa da ita a lokacin. Daga baya masu bincike a Hannover ta Jamus suka buga fata mai hawa biyu da ita, a 2013 suka ba da rahoton dasa ta a raunin ɓeraye. A birnin Bordo na Faransa kuma Fabien Guillemot ya kafa kamfanin Poietis a 2014, wanda a 2016 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal don gwada buga tushen gashi. Masu sanƙo kada ku yi saurin murna, bincike ne.

Kwalbar da ke juyawa

Yanzu mun zo kan bidiyonmu. Wanda ya taɓa raka mara lafiya ɗaukar hoton CT ya san injin yana zagaya jiki yana ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar abin da ke ciki. Wannan firinta akasin haka take yi. Ana ba kwamfuta siffar da ake so, ta lissafa yadda za ta kasance ta kowace kusurwa, sannan a riƙa haska waɗannan hotuna a jikin kwalbar tana juyawa.

Hoto ɗaya bai isa ya daskarar da komai ba. Amma kowane gurbi a cikin kwalbar yana tara hasken da ya ratsa shi, kamar asusu. Gurbin da ke cikin siffar yana samun haske ta kusurwoyi da yawa har asusunsa ya cika ya daskare. Wanda ke waje bai samu isasshe ba, yana nan ruwa. Shi ya sa abin ke bayyana gaba ɗaya a lokaci guda.

A farkon 2019 tawagar Hayden Taylor ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta nuna wannan dabara. A shekarar dai masu bincike na Lozan a Suwizalan da na Utrecht a Holan, ciki har da Christophe Moser da Riccardo Levato, suka yi ta da hasken leza da GelMA mai ɗauke da rayayyun ƙwayoyin halitta. Sun buga siffar kunne da ta guringuntsin gwiwa, kowanne cikin ƙasa da minti ɗaya, abin da zai ci lokaci mai tsawo da sirinji. Saurin yana da muhimmanci, don ƙwayar halitta ba ta son daɗewa a wajen ɗumi da abincinta.

Ita ma da tata matsalar. Dole jel ya zama garai-garai haske ya ratsa. Da ka ƙara yawan ƙwayoyin halitta sai ya yi dishi-dishi kamar ruwan kamu, haske ya watse, siffa ta lalace. Naman jikinmu kuwa cunkushe yake da ƙwayoyin halitta.

To, ina ƙodar?

Buga siffar ƙoda ba wuya, ko yau za a iya. Aikin ƙoda ne ba a iya bugawa ba. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowace da nata ƙullin hanyoyin jini da nata siririn bututu. Ƙodojin mutum biyu suna tace kusan lita 180 na ruwan jini a rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Ƙwayoyin halitta sama da iri 20 ne ke wannan aiki, kowace a mazauninta.

Ga kuma maganar numfashi. Ƙwayar halitta ba ta rayuwa in ta yi nisa da hanyar jini fiye da maikuromita 100 zuwa 200, wato kaurin gashi biyu ko uku. In ka buga tsoka mai kauri ba hanyoyin jini, na tsakiya za su mutu. Hanyar da ke iya zana siraran hanyoyin tana da nawa, mai saurin kuma ba ta kai wannan siranta ba. Sannan gaɓa guda tana buƙatar biliyoyin ƙwayoyin halitta, kuma sai an raino su tukuna.

Wannan ne ya sa kunne ya riga kowa. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini a cikinsa. A watan Yunin 2022 kamfanin 3DBio Therapeutics na Amurka ya sanar da cewa an dasa wa wata budurwa 'yar shekara 20, wadda aka haifa da naƙasasshen kunne, sabon kunnen da aka buga da ƙwayoyin guringuntsinta a cikin jel na kolajin. Shi ma da hanyar matsowa aka yi shi, ba da leza ba, kuma a matsayin gwaji.

Mu 'yan jarida da masu koyon aikin muna da laifi a ruɗanin nan. A 2011 likita Anthony Atala ya ɗaga wani abu mai siffar ƙoda a dandalin TED, kafafen labarai suka baza cewa an buga ƙoda, har cibiyarsa ta Wake Forest ta fito ta yi bayani cewa samfuri ne da ba ya aiki. A 2019 aka sake yi da zuciyar da masu bincike a Jami'ar Tel Aviv suka buga. Ba ta wuce girman zuciyar zomo ba, kuma ba ta harba jini.

Amfanin da ake samu yanzu

Wannan ba ya nufin aikin banza ake yi. Ƙananan tsokoki da ake bugawa suna da amfani wajen gwajin magani. Maimakon a fara da ɓera, sai a gwada a kan 'yar hanta ko fatar da aka gina da ƙwayoyin halittar mutum, a ga ko maganin zai yi illa. Tarayyar Turai ta haramta sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun 2013, abin da ya ƙara wa fatar ɗakin gwaji kasuwa. A Disambar 2022 Amurka ta yi dokar da ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a kan dabba, ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan hanyoyi.

Akwai wata magana da ta shafe mu kai tsaye. Mafi yawan jelatin da ake yin GelMA da shi daga fatar alade yake fitowa, ko da yake akwai na saniya da na kifi, akwai kuma jel ɗin da aka haɗa da sinadarai zalla. Ranar da irin wannan magani ya iso asibitocinmu, mutane za su tambaya, malamai za su buƙaci wanda zai yi musu bayanin abin dalla-dalla kafin su yi fatawa. Zai fi kyau a ce mai bayanin namu ne. Ana koyar da injiniyancin kayan lafiya a jami'o'i irin su ta Ilorin da ta Fasaha ta Tarayya da ke Owerri, kuma ƙaramar firintar da ke daskarar da roba da haske ba ta kai kuɗin wayar da wasunmu ke riƙewa ba. Ba za ta buga nama ba, robarta ma guba ce ga fata kafin ta bushe, amma da ita ake koyon tushen aikin.

Kafin ka tura gaba

Ciwon ƙoda ba labarin nesa ba ne a wurinmu. Mutanen Gashuwa a Jihar Yobe sun daɗe suna kuka da yawansa. Ana dashen ƙoda a ƙasar nan tun shekarar 2000 a asibitin St. Nicholas na Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara a 2002, amma kuɗin da samun mai bayarwa sun fi ƙarfin yawancin iyalai. Ko a Amurka mutum sama da 100,000 ne ke layin jiran dashen gaɓa, mafi yawansu ƙoda suke jira. Wanda ke cikin wannan hali duk igiyar da aka miƙo masa kamawa zai yi, 'yan damfara kuma sun san haka.

Don haka in irin wannan bidiyo ya faɗo wayarka, yi masa tambayoyi kafin ka tura. Mene ne girman abin, an ajiye kwabo ko yatsa a gefensa? Akwai rayayyun ƙwayoyin halitta a ciki ko siffa ce kawai? A faranti aka gwada, ko a ɓera, ko a mutum? Wace jami'a ce, a wace shekara? In bidiyo bai amsa ko ɗaya ba, kai ma kada ka zama mai yaɗa shi. Duk wanda ya ce maka yana da hanyar da za a kai mara lafiyarka waje a buga masa ƙoda, kuɗinka yake so.

Na kira 'yar ajin tamu na faɗa mata abin da na samo. Ban ji daɗin faɗa ba, don na san ba amsar da take fata ba ce. Ta yi shiru, sannan ta ce gara da ta sani, don har ƙaninta ya fara maganar a sayar da fili a nemi biza. Na roƙe ta kada su bari baba ya tsallake ko wanki ɗaya saboda wani bidiyo, duk shawarar dashe kuma su yi ta da likitansa.

Mu da ƙodarmu ke aiki, hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ta, kuma gwajinsu ba tsada. Mu rage shan maganin ciwon jiki barkatai da haɗe-haɗen da ba mu san abin da ke ciki ba. Masu leza suna can suna aikinsu, sannu ba ta hana zuwa, amma kafin su iso, biyun nan da aka haife mu da su su ne jarinmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.